Kujerar da Ba a Takararta

Shugaban taro, iyayenmu sarakuna Allah ya ja zamaninku, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata, hedimastoci da malaman makaranta, da 'yan'uwa matasa na Karare da Ruma da Wagini, da waɗanda suka taso tun daga Runka da Zakka, ina gaishe ku baki ɗaya.

An ce in yi magana a kan abin da ya kamata ɗan takara ya sa a gaba game da ilimin 'ya'yanmu. Sai dai kafin a kai can, ɗan takarar wace kujera ake nufi? A Amurka akwai hukumomin kula da makarantu na yanki sama da 13,000, kuma mafi yawansu jama'a ne ke zaɓar mambobinsu da ƙuri'a. Mutum zai fito ya ce ba majalisa yake nema ba, kujerar lura da makarantun garinsu kawai yake so, a yi masa tambayoyi a kan albashin malamai da littattafai, sannan a zaɓe shi ko a kayar da shi. Mu nan ba mu da irin wannan. Ciyaman da kansila muke zaɓa, kamar yadda aka yi a watan Fabrairun 2025 a ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361 na Jihar Katsina. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma naɗa shi ake yi. Shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ma haka.

To me 'yan takararmu ke cewa idan sun hau mumbari? Kun fi ni sani. Zan gina ajujuwa, zan zagaye makaranta da katanga, zan kawo kujeru. A tafa, a watse. Ban ce maƙaryata ba ne, da yawansu har zuci suke faɗa. Matsalar ita ce suna alƙawarin abin da ba a hannunsu yake ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC a Abuja, kuma jiha ba ta taɓa kason gine-ginenta sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Idan kuɗin ya fito, a ofishin SUBEB da ke Katsina ake ba da kwangila. Albashin malaman firamare kuwa, shekara da shekaru ana cire shi ne daga kason ƙananan hukumomi tun a asusun haɗin gwiwa, kafin ciyaman ya ga ko sisi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma ko da an aiwatar da wannan ɗari bisa ɗari, albashi ne zai fara lashe kaso mai tsoka. Iyakar abin da kansila zai yi a kan gini shi ne ya rubuta takarda, ya yi ta sintiri. Wannan ma aiki ne, ban raina shi ba, amma a faɗa wa mutane haka tun lokacin kamfen.

Akwai kuwa wata kujera da ke nan cikin garinmu, tana da iko a kan abubuwan da suka fi gini muhimmanci, kuma ban taɓa ganin an manna mata fosta ba. Ina nufin kwamitin kula da makaranta, wanda muka saba kira SBMC. Tun wajen 2006 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makarantar firamare da ƙaramar sakandare ta sami irinsa. A ƙa'ida akwai wakilin dagaci ko mai unguwa, da hedimasta, da wakilan malamai, da liman, da mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a, har da yaro da yarinya daga cikin 'yan makarantar. Aikinsu su tsara abin da makaranta ke bukata a shekara, su lura da zuwan malamai da yara, su sa ido a kan duk kuɗin da ya shigo.

Haka yake a takarda. A zahiri, a wurare da dama, takarda ce ke zuwa daga ofishin ilimi a ce ana son sunaye kafin Litinin. Hedimasta da mai unguwa su zauna bayan la'asar su cika gurabe. Shugabanci ya faɗa kan wani dattijo mai mutunci wanda autansa ma ya yi aure, mata biyu kuma a rubuta sunayensu ba tare da an sanar da su ba. Kwamitin ya yi barci har ranar da aka ji ƙishin-ƙishin kuɗi. Da shirin AGILE na Bankin Duniya ya zo, wanda aka amince da shi a 2020 kuma Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, ta hannun waɗannan kwamitoci aka riƙa ba makarantun sakandare kuɗin gyare-gyare. A nan ne wasu suka fara tambayar wa ya naɗa wane.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi fama da wannan cuta. A 2004 aka fara wani shiri a jihar Tawa da taimakon hukumar JICA ta Japan, kuma abin da suka fara taɓawa shi ne yadda ake samar da kwamitin makaranta. Suka ce a tara gari, duk mai so ya tsaya, a jefa ƙuri'a a asirce. Dalilinsu mai sauƙi ne: idan ɗaga hannu za a yi a gaban mai gari, kowa ya san hannun wa zai tashi. Bayan zaɓe kuma a riƙa kiran taron gari, a amince da tsarin aikin shekara, a dawo a karanta abin da aka tara da abin da aka kashe. Cikin 'yan shekaru gwamnatin Nijar ta yaɗa tsarin a duk faɗin ƙasar. Mutanen nan Hausawa ne irinmu, talaucinsu bai gaza namu ba, sarakunansu ma suna nan daram. Zaɓen bai rage wa kowane mai gari rawani ba. Na san iyayenmu da ke zaune a nan za su so su ji wannan.

Game da kuɗi kuwa, Yuganda ta bar mana lissafin da ya kamata kowane ɗan kwamiti ya haddace. Wani bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin ɗari kacal na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke tura wa makarantun firamare ne ke isa gare su, sauran ya maƙale a ofisoshin gundumomi. Sai gwamnati ta fara buga adadin da ta tura a jaridu, ta kuma umurci makarantu su manna shi a bango. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai kusan kashi 80. Takarda ɗaya a jikin ƙofar ofishin hedimasta, da Hausa, da boko da ajami: an karɓi kaza, an kashe kaza, ga saura. Ɗan takarar da ya yi wannan alƙawari ya yi alƙawarin abin da zai iya cikawa cikin mako guda.

Yanzu bari in zo kan abin da, a ganina, ya fi komai: malami a cikin aji.

Babu mai bukatar in ba shi labarin abin da yankin nan na Batsari da Safana ya gani. Mun ga 'yan gudun hijira sun cika ajujuwan firamare a cikin garin Batsari. Mun ga daren 11 ga Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida, aka rufe makarantu. Mun ga an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a Satumbar 2021, da Batsari da Safana a ciki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kori malamai daga ƙauyuka. Wanda aka turo daga nesa ya kwashe iyalinsa ya koma Batsari ko Dutsin-Ma ko Katsina, ya riƙa zuwa a kan babur idan hanya ta yi kyau kuma akwai kuɗin mai. Wa zai zarge shi? Ni dai ba zan zarge shi ba. Amma sakamakon shi ne makarantar da ke da malamai shida a rajistar ofis, ka je ranar Laraba ka tarar da biyu, ɗaya ya haɗa aji uku a ƙarƙashin bishiya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. A cikin gari, inda jama'a suka taru saboda gudun hijira, aji guda na iya ninka wannan sau uku.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 bayan hawanta a 2023, kuma wannan abin yabo ne. Tambayar da ta rage ita ce ina aka tura su, kuma nawa suka zauna inda aka tura su. A nan kansila da kwamiti ke da aiki na gaske. Su tattara sunayen 'ya'yan mazaɓarsu, maza da mata, da suka gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ko wata kwalejin, su riƙe jerin a hannu, duk ranar da aka buɗe ɗaukar aiki su tsaya kai da fata a turo ɗan gari garinsu. Ɗan gari yana kwana a nan, gonarsa na nan, idan bai zo aji ba uwar yaro za ta gan shi a kasuwa. Baƙon malami kuma gari ya ba shi ɗaki da mutunci, kamar yadda kakanninmu ke yi wa malamin allo idan ya sauka. Sannan ɗan kwamiti ɗaya ya leƙa makaranta kowace safiya, a yi karɓa-karɓa, ya rubuta wa ya zo. Ba don a kai ƙara ba tukuna. Sau da yawa sanin cewa ana dubawa ya isa.

Idan malami ya zo, me yaro ke koya? Ina roƙon kowane uba a nan ya gwada wani abu yau da daddare. Ka kira ɗanka na aji uku ko huɗu, ka rubuta masa layi biyu na Hausa, ka ce ya karanta. Abin da za ka ji shi ne rahoton makarantar da ya fi na kowane sufeto gaskiya. An taɓa yin shirin RANA a Katsina da Zamfara, ƙarƙashin aikin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, inda aka koyar da karatu da Hausa a aji ɗaya zuwa uku, da littattafai a hannun yara, da horar da malamai. Malaman da suka sami horon nan ba su mutu ba, wasunsu na cikin wannan zaure. Abuja dai tana ta kai-kawo a kan harshen koyarwa: a 2022 aka ce harshen uwa har aji shida, a ƙarshen 2025 ministan ilimi ya ce an koma Turanci. Ra'ayina a fili yake. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake mafarki da shi ba, ba zai iya a harshen da bai taɓa ji a gida ba, kuma ko wace manufa ke aiki, darasin Hausa yana nan a jadawali, babu wanda ya hana a yi shi da gaske.

'Ya'ya mata ba zan daɗe a kansu ba, domin iyayenmu mata sun riga sun san amsar: malama mace, bayi mai ƙofa, ruwa a kusa, da hanyar da ba a fargabarta. Ku ba mata kujerunsu na kwamiti da gaske, za su faɗi sauran.

Akwai wasu yara kuma da ban taɓa jin ɗan takara ya ambace su ba, don ambatonsu ba ya kawo tafi. 'Ya'yan makiyaya na rugagen da ke gefen Dajin Rugu. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa. Ku ƙirga da kanku makarantun makiyaya nawa ne ke aiki tsakanin nan da Runka. Na san akwai waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa a wannan zaure, akwai waɗanda suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa, kuma ba na neman kowa ya manta. Lissafi kawai nake yi. Yaron da yake shekara bakwai lokacin da wannan masifa ta 'yan bindiga ta fara tsananta, yau saurayi ne, bai taɓa riƙe alli ba, kuma mun san abin da aka miƙa masa a madadinsa. Ƙanensa yana shekara bakwai yanzu. Duk sulhun da aka ƙulla, in bai zo da malami ga wannan ƙanen ba, lokaci kawai muka ara. Kwamitin makarantar da ke kusa da ruga ya kamata ya ware wa arɗo kujera.

Wani zai ce idan aka buɗe zaɓen kwamiti, jam'iyyu za su shigo su ɓata shi. Zai iya faruwa. Amma siyasa tana ciki tun yanzu, a ɓoye take kawai, kuma wanda aka naɗa a ɓoye babu ranar da za a tambaye shi. Ana iya sa sharaɗi cewa mai neman shugabanci sai yana da ɗa ko jika a makarantar, wa'adi ya zama ƙayyadadde, kuma mai riƙe da muƙamin jam'iyya ya haƙura.

Roƙona ga ofisoshin ilimi na Batsari da Safana shi ne, kafin zangon karatu mai zuwa, kowace makaranta ta manna sunayen 'yan kwamitinta da ranar da aka kafa su. Inda wa'adi ya wuce, a sa ranar taron gari, a yi shela a masallaci da kasuwa mako biyu kafin nan, a kuma sa lokacin da mata za su iya fitowa.