Injin Tururi Mai Girman Tafin Hannu

 Wa ya tuna motar kara ko ta gwangwani da muke ƙerawa muna yara? To yau za mu leƙa Turai ne, mu ga abin wasan yaransu na shekaru ɗari da suka wuce: ƙaramin jirgin ruwa mai injin tururi na gaske. Ba batir, ba fetur. Ruwa da wuta kawai.

Ga yadda yake aiki. Akwai 'yar tukunya ta tagulla, a rufe ruf, ana zuba mata ruwa. A ƙarƙashinta a kunna 'yar fitila mai amfani da sifirit. Da ruwan ya tafasa sai ya zama tururi, shi kuwa tururi yana neman wuri fiye da sau 1,600 na ruwan da ya fito daga ciki. Tunda babu mafita, sai ya bi siririn bututu ya shiga silinda, ya tura fistan. Fistan ya juya sanda, sanda ta juya farfela, jirgi ya kama tafiya a kan tafki. Wato dai abin da ya ja manyan jiragen ruwa da jiragen ƙasa na da, shi ne aka ƙanƙance har ya zauna a tafin hannu.

Akwai ma wanda ya fi wannan sauƙi, ana ce masa pop-pop saboda ƙarar da yake yi. Wani Bafaranshe, Thomas Piot, ya yi rajistar fasaharsa a 1891. Shi ba fistan ba farfela. Kyandir ne ke ɗumama 'yar tukunya, tururi ya fesar da ruwa ta bututun baya, ya huce, ya sake zuƙo wani ruwan, haka dai ake ta yi. Wanda ya kalli fim ɗin Ponyo na Japan na 2008 ya ga irinsa.

Su wa suka ƙera su? A Jamus akwai kamfanin Bing na birnin Nuremberg. A Ingila akwai Bassett-Lowke, da Stuart Turner wanda ke sayar maka da sassan ƙarfe ɗanye, kai za ka goge, ka huda, ka haɗa da hannunka. Sai Mamod, wanda Geoffrey Malins ya kafa a Birmingham a 1937.

To ga inda labarin ya taɓa ni. A 2024 Mamod ya rufe masana'antarsa, bayan sama da shekaru tamanin. Cikin dalilan har da dokar da Birtaniya ta sa a 2023, wadda ta taƙaita sayar da ƙwayoyin hexamine da ake kunna injinan da su. Kun ga ke nan, waɗanda suka rage a hannun mutane sun ƙara daraja, kuma duk wanda ya lalace, an yi asarar da wuya a mayar.

Kuma lalata su ba wuya fa. Idan Allah Ya sa wani ya faɗo hannunka, a gwanjo ko ta intanet, riƙe abu uku. Na ɗaya, kada ka bari ruwa ya ƙare wuta na ci, domin dalmar da ta liƙe tukunyar za ta narke. Na biyu, duba bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa. Idan ya cije, kada ka kunna, tukunya na iya fashewa a fuskarka. Na uku, kada ka ƙara sifirit a fitilar da ba ta mutu ba, harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana.

Ni dai abin da nake so mu ɗauka shi ne: yaron da ya haɗa wannan injin ya ga dalilin motsi da idonsa. Wayar da ke hannunmu ba ta nuna mana cikinta. Muna da maƙera, muna da masu walda, gwangwanin madara kuwa ba ya yankewa. Pop-pop ɗin nan, da gwangwani da bututu da kyandir ake yinsa.

Wa zai gwada? In ka yi, ka sa babba ya tsaya kusa saboda wuta, sannan ka turo mana bidiyo. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.