TITI BA NA MAI MOTA KAƊAI BA NE

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a wani zaman wayar da kai da aka yi a kan hatsarin mota a cikin gari. Mun rubuto maku shi daga kaset. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Duk lokacin da mota ta kaɗe yaro a unguwa, abu biyu muke faɗa. Ko mu ce kwana ne ya ƙare, ko mu ce direba ne ba shi da hankali. To, ajali gaskiya ne, kuma akwai direbobi marasa hankali. Amma akwai na uku da ba a cika ambatonsa ba, shi ne wanda ya zana titin. In ka shimfiɗa kwalta mai faɗi, miƙaƙƙiya, ka ratsa ta tsakanin makaranta da gidaje, ai kai ka ce wa direba ya taka wuta, ko da ka kafa allo ka rubuta a rage gudu.

Bari in ba ku misali da ƙasar Holan. Yau in an ambace ta sai a ce ƙasar masu keke, har a ɗauka haka suka taso. Ba haka ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun samu kuɗi, suka sayi motoci, aka rushe gidaje ana faɗaɗa tituna, aka mayar da dandali wurin ajiye mota. Me ya biyo baya? A 1971 kaɗai, mutum kusan 3,300 suka mutu a kan titunansu, sama da 400 yara ne.

Cikin waɗanda aka kaɗe har da 'yar wani ɗan jarida, Vic Langenhoff. A 1972 ya yi rubutu a jarida da wani kanu mai zafi, ma'anarsa a daina kisan yara. Ku lura, bai kira shi hatsari ba, kisa ya kira shi. Wannan kanu ya zama sunan ƙungiya. Iyaye mata suka fito da 'ya'yansu, suna tare tituna don yara su yi wasa, suna zuwa wajen hukuma suna cewa a sake zana hanya.

Ana cikin haka sai yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973 ya ɓarke. Ƙasashen Larabawa suka hana Holan man fetur saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila. Dole gwamnati ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi, daga Nuwamba 1973 zuwa Janairu 1974. Mutane suka ga garinsu ba mota, suka ga ashe ana iya rayuwa.

To, me suka yi a aikace? Nan ne darasin yake. Na ɗaya, a cikin unguwa suka ƙuntata titi, suka lanƙwasa shi, suka dasa itatuwa, suka sa tudun rage gudu, yadda direba ko ya so ba zai iya gudu ba. A 1976 suka sa wannan tsari a doka. Na biyu, a manyan hanyoyi suka ware wa keke hanyarsa daban, da dakali tsakaninsa da mota, ba layin fenti kawai ba. Na uku, a wurin tsallakawa suka yi ɗan tsibiri a tsakiya, tsoho ya tsallaka rabi, ya huta, ya ƙarasa. A Disamba 2023 birnin Amsterdam ya ƙayyade gudu a mafi yawan titunansa zuwa kilomita 30 a awa. Dalili kuwa a fili yake: wanda aka buge a gudun 30 galibi yakan rayu, wanda aka buge a gudun 60 kuwa sau da yawa sai dai jana'iza.

Yau, duk da mutane da motoci sun ƙaru, masu mutuwa a titin Holan a shekara ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu na adadin 1971 ba.

Yanzu mu dawo gida. Ku dubi Kano, ku dubi Kaduna, ku dubi Zariya. Su wa suka fi yawa a kan titi? Ɗan makaranta ne, da mai tura kurar ruwa, da mai talla, da dattijo a kan kekensa. Amma in an tashi aikin hanya, gadar sama ake yi wa mai mota, shi kuwa mai ƙafa a bar shi da bakin kwata. Inda ma aka yi masa wurin tafiya, sai ka tarar an kasa kaya ko an ajiye mota a kai. Wannan laifinmu ne mu da kanmu.

Kuma kun san al'adarmu: sai an kashe yaro, sannan matasa su fito cikin fushi su tara ƙasa a titi. Me ya sa sai an zubar da jini? Masu unguwa, da limamai, da malaman makaranta, ku zauna ku lissafa wuraren da yara ke tsallakawa. Ku kai wa ƙaramar hukuma da ma'aikatar ayyuka a rubuce, ku nemi tudu, da wurin tsallakawa, da fitila. In an yi shiru ku koma, ku sake komawa. Iyayen Holan ba da zuwa ɗaya suka samu ba.

Mun sani a addini kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. In ɗauke ƙaya ɗaya yana da lada, ina ga gyara hanyar da ke cin rayuka? Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu ikon aikatawa.