AMSA GA MASU SAURARO: SAKIN MOTA A FIRI, RIBA CE KO ASARA?



Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwar dankalin Turawa mai zirga-zirga tsakanin Jos da Akwanga. Ya ce ya sayi mota atomatik, wato mai canza giya da kanta. To duk sa'ad da ya ɗage ƙafa daga totur a gangara, sai ya ji ta koma ƙaramar giya, inji ya hau kuka. Shi ne yake tambaya: ashe ba mai take zuƙe masa ba? Shin ba gara ya jefa ta firi ba, kamar yadda tsofaffin direbobi ke yi?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowane mai mota lissafin lita yake yi. Amsar a taƙaice ita ce: kukan inji daban, shan mai daban.

Dabarar firi ta samo asali ne daga zamanin motoci masu kafireto, irin su Peugeot 504 wadda aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna. Ita kafireto, muddin inji na juyawa yana jan iska, to sai mai ya bi. Saboda haka direban wancan lokaci yana da ɗan abin kafa hujja.

Amma motarka injekta ce, kuma akwai 'yar kwamfuta da ke auna mata mai, wadda bakanikai ke kira biren bos. Idan inji ya yi zafi, ka ɗage ƙafa daga totur alhali mota tana cikin giya tana gudu, sai kwamfutar ta rufe mai baki ɗaya. To me ke juya inji? Tayoyi ne. Nauyin mota da gudunta su ke tura shi, shi ya sa kake jin kuka ba tare da ana ƙona ko ɗigo ba.

Sai dai da sharaɗi. Idan juyin inji ya sauka ƙasa sosai, ya kusa silo, tilas kwamfuta ta sake buɗe mai don kada ya mutu. Wannan na cikin dalilan da suka sa giyar ke sauka da kanta: tana riƙe juyin inji ne a sama domin man ya ci gaba da zama a rufe, kuma tana taimaka wa birki wajen riƙe mota.

In kuwa ka sa ta a N, ka raba inji da tayoyi ke nan. Babu mai tura shi, sai ya ci da kansa. Ƙaramar mota a silo kan sha tsakanin rabin lita zuwa lita guda a awa. Ka ga ke nan a gangara, firi ne ma ke shan mai. Gaskiya ne a miƙaƙƙiyar hanya mota a firi takan ɗan ƙara nisa kafin ta tsaya, tunda inji ba ya riƙe ta, amma ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Yanzu ga babbar magana. Ka ɗauki Hawan Kibo da ke kan hanyarka, ga mota cike da buhuna. Idan tana firi, dukkan nauyin nan a kan birki yake. Birki kuwa in ya yi zafi fiye da kima, sai ka taka ka ji ba ya kamawa. Masu kashe inji ɗungurungum ma sun fi shiga haɗari, don sitiyari zai yi tauri, birki ya rasa ƙarfi bayan taku ɗaya ko biyu, famfon man giya kuma ya daina aiki, giyar ta lalace. A irin wannan wuri, tun daga saman tudu ka rage gudu, ka mayar da ita 2 ko L, ka bar inji ya yi kukansa.

Amma fa in ka ji tana fizga da ƙarfi in za ta canza giya, ko man giya ya yi baƙi yana warin ƙuna, wannan ba lafiya ba ce, a kai ta wajen wanda ya san atomatik.

In tattalin mai kake so, Malam, ka riƙa duba iskar taya, ka guji lodin da ya wuce ƙa'ida, ka canza matatar iska musamman lokacin hunturu, sa'annan ka riƙa ɗage ƙafa tun daga nesa in ka hango gari ko shingen hanya.

Allah ya kai mu gida lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun ga wasiƙunku, a huta lafiya.