Jawabi a kan ruwan ƙazanta da ake ba garka da shi

 

Maganar da muka kawo yau ta ruwa ce. Da an gama girbi, samarinmu da yawa sukan tafi Yamai neman na kai, wasu su faɗa aikin garka a bakin Gunti Yena, ƙoramar nan da ke ratsa gari ta zuba a kogin Kwara. Da rani, abin da ke gudu cikinta ruwan kwata ne: na wanki, na wanka, har da na salga. Da shi wasu ke ba salati da shu da tumati.

Mun san dalili, ba mu zargin kowa. Ruwan kyauta ne, ba ya yankewa, kuma ganye na yin kore shar da shi saboda takin da ke ciki. To, amma takin nan kashin mutane ne. Cikinsa akwai ƙwayoyin kwalara da taifot da atuni, da ƙwan tsutsar ciki wanda ido ba ya gani, wanda kan yi watanni cikin ƙasa bai mutu ba. Wanda ya ga kwalarar 2018 a Madarunfa, ko ta 2021 a jihar Maraɗi, ya san aikin ruwan da kashi ya taɓa.

Mai garka shi ne na farkon kamuwa, tun kafin mai saye. Yana yini cikin laka ba takalmi, alhali akwai tsutsar da ke huda fatar ƙafa ta shige har hanji, ta riƙa shan jini. Sai yaro ya dawo gida gab da damina fari fat, ya kama hauya ya kasa, a ce birni ya lalata shi. Ba lalaci ba ne, jininsa ne ya ragu. In kuma ya zaga bayan gari, ya shuka tsutsar inda ƙannensa ke wasa.

Ba mu ce a bar sana'a ba. A sa takalmin roba mai tsawo. A zuba ruwa a gindin shuka, kar a feshe ganye, kuma a tsai da ba da ruwan nan kwanaki kaɗan kafin a cire. Abin da ya fi damunmu shi ne ɗauraye salati cikin ƙoramar da asuba don ya yi kyau a kasuwa. Wannan kam a bari. Iyayenmu mata, ruwan jabel na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya kashe ƙwan tsutsa. Sai an wanke ganye ɗaya-ɗaya da ruwa mai tsabta. Abin da ke dafuwa a dafa shi.

Muna roƙon dattawa su yarda a ciro kuɗin takalman daga asusun ƙungiya, a ba samari bashi. Kuma duk mai komawa gida, ya biya likita a ba shi maganin tsutsa kafin ya hau mota.

Wassalam.