Maɗaci: jan katakon da ke mutuwa a tsaye

Yau daga nan Kafin Dafga zancen maɗaci za mu yi.

Sunan ma daga ɗacin ɓawonsa ya fito. Idan ya samu wuri yakan kai mita 30 a tsayi. Ɓawon toka-toka ne mai ɓamɓaroki, amma kana sara za ka ga ja a ciki, katakon ma ja ne, shi ya sa kafintoci ke rububinsa. 'Ya'yansa ƙwallo ne mai tauri, da rani yake tsagewa gida huɗu, iri mai fiffike ya fito iska ta kwashe. Yana son ƙasa mai zurfi da danshi, kamar bakin rafi da fadama, irin wuraren da muke da su a kewayen kogin Challawa. Amma yana jure fari, saiwarsa na nitsewa sosai.

To ga inda matsalar take. Kowa ya san ana jiƙa ɓawon maɗaci don ciwon ciki da zazzaɓi, ni ban ce a daina ba. Sai dai abincin da ganye ya haɗa ta ƙarƙashin ɓawon nan yake bi ya sauka zuwa saiwa. In ka ɓare gefe ɗaya, bishiya za ta iya warkewa. In ka zagaye ta kaf, ka toshe hanyar, saiwa ta mutu da yunwa, ita kuma ta bushe a tsaye. Sai kuma mai gawayi ya zo ya ce ai matacciya ya tarar. Wallahi ku duba na bakin hanya, za ku ga nawa aka yi wa zobe.

A 2022, taron yarjejeniyar CITES a Panama ya saka maɗacin Afirka cikin itatuwan da ba a fitar da katakonsu waje sai da izini. Can a arewacin Ostireliya kuwa gonaki guda ake shuka shi don katako. Namu ne fa!

Matasan Karaye da Rogo, irin ba ya daɗewa yake lalacewa. Da kun ga ƙwallon ya tsage, ku tsince, ku shuka a leda cikin 'yan makonni, ku dasa idan damina ta zauna, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Wanda ya raina ko guda goma, ya turo mana hoto. Sai shiri na gaba.