LASIN GIYA DA KUƊIN MASAUKIN BAƘI: JAWABI GA JAMA'AR GYALLESU DA ƘAUYUKAN ZAZZAU

Iyayena da malamaina, manoma da masu sana'a, maza da mata, ina gaishe ku. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa na kusa da shi, don maganar nan ta kowa ce.

Magana biyu na kawo muku, amma igiya ɗaya ta ɗaure su, watau lasin sayar da giya, da kuɗin da gwamnati ke zubawa a otal da sunan jawo baƙi. Da an ce za a gina otal, sai gaban mai 'ya'ya ya faɗi, yana tsoron mashaya za ta biyo baya har ƙofar gidansa. Yana da gaskiya kuwa. To, ku saurara ku ji inda mabuɗin yake.

Dokar giya tsohuwa ce a ƙasar nan. Tun zamanin Gwamna Lugga, wanda ya kama mulkin Arewa a 1900, aka hana shigo da barasar Turai don sayar wa 'yan ƙasa. Da jirgin ƙasa ya iso ƙasar Zazzau wajen 1911, sai 'yan fasa-ƙwauri suka sami hanya. A zamaninmu ma, cikin 2024, hukumar NAFDAC ta tashi hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe, saboda arharta ta sa yara na iya saye. Na yi aikin koyarwa kafin in shigo wannan aiki, na kuwa san ledar nan ba ta fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta ba. Doka kam akwai ta, mai tsaronta muke nema.

Wa ke riƙe da mabuɗin? Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya sa ba da lasin giya da kula da sayar da ita cikin ayyukan Ƙaramar Hukuma. Ita kuma Majalisar Jiha ce ke tsara mata dokar da za ta bi. Game da otal kuwa, a 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, ta ce rajistar otal da kula da su aikin jiha ne. Kun ga ashe gwamna da ɗan majalisar da za ku zaɓa, su ne masu mabuɗin. Kada wani ya ce muku sai Abuja.

Ga abin da jam'iyyarmu ta tsaya a kai wajen lasin.

Na ɗaya, kada a ba da lasin sai an kafa takardar neman a ofishin hakimi, an saurari mai unguwa, da liman, da fasto, da iyayen yara.

Na biyu, babu mashaya kusa da makaranta, ko masallaci, ko coci, ko asibiti.

Na uku, wanda ya sayar wa yaro, a karɓe lasinsa.

Na huɗu, kowace shekara a karanta wa jama'a yawan lasin da aka bayar da kuɗin da aka karɓa.

Jihar Kaduna gida ce ta Musulmi da Kirista da sauran jama'a, kuma babu uban da ke son ganin ɗansa na tangaɗi a kan titi. Kada ku yarda wani ya mai da wannan magana rigimar addini.

Sai maganar kuɗi. Dattawanmu sun tuna Otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina da kuɗin gwamnati don baƙin bikin FESTAC na 1977. Daga baya ya fita hannun gwamnati, aka yi ta shari'a a kansa, ya zama kango, har aka rushe shi a watan Janairu na 2020. Gani ya kori ji.

Baƙo ba don gado da katifa yake zuwa Zariya ba. Yana zuwa ne ya ga ganuwa da ƙofofinta, su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana. Ya ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya hau sarauta a 1834. Ya hau dutsen Kufena, ya ji labarin Sarauniya Amina, ya kalli hawan Salla. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake alfahari da su. Mu Zazzagawa ba mu da dawaki ne? Ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello, tun 1962 take kawo mana baƙi, Kongo ma ga ta nan kusa da mu.

Saboda haka muka ce gwamnati ta bar wa 'yan kasuwa ginin otal. Kuɗin jama'a a gyara ganuwa da su, da hanyoyin ƙauye, da ruwan sha. A yi wa masu ɗinkin babbar riga da dukawa rumfuna inda baƙo zai same su. Otal ɗin da ke neman sauƙin haraji kuma, ya sayi tumatir da albasa da kaji daga manoman Dakace da Dambo da Wuciciri, ya ɗauki 'ya'yanmu aiki. Hausawa na cewa baƙonka Annabinka. Mu karɓe shi hannu bibbiyu, amma ribar zuwansa ta kai har gona.

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya nemo katin zaɓensa tun yanzu. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, namu ne ko na wasu, ku tambaye shi: wa zai sa hannu a lasin, ina kuma kuɗin baƙi za su tafi? Ya amsa a gaban mai unguwa, a rubuta a ajiye. Ranar zaɓe ku fito da sassafe, ku jefa wa jam'iyyarmu ƙuri'a, sa'an nan ku riƙe mu da wannan takarda.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.