Malamin Wasanni da Hakkinsa a Kan Jama'a: Jawabi ga Malamai da Iyayen Yara a Mubi

Jama'a, idan yaro ya ci kofi, sunansa ake kira a rediyo. Wanda ya koya masa kuwa, watau malamin da ya sha rana da ƙura tare da shi a fili, sau da yawa ba a tuna da shi sai bayan ƙasa ta rufe masa ido.

Marigayi Yemi Tella malami ne a Cibiyar Koyar da Wasanni ta Ƙasa da ke Ikko, inda ake horad da masu koyar da wasa. Daga aji aka ɗauko shi, aka danƙa masa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17. A cikin 2007 ya ci kofin Afirka da su a ƙasar Togo. Sa'an nan ya kai su Koriya ta Kudu, alhali kuwa sankarar huhu tana cinsa. Jikin ya rame ƙwarai, amma bai bar yaran ba. Ran 9 ga Satumba suka kara da Sifen a birnin Seoul, aka tashi ba ci, suka yi nasara da 3 da nema a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Kwana 41 bayan haka ya rasu a Ikko. Lambar gwanin masu koyarwa na Afirka ta wannan shekara, da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta ba shi, ba ta iske shi da rai ba.

Amma aikin malami ba ya binsa kabari. Mataimakinsa, Manu Garba, shi ya sake ciyo wa Nijeriya wannan kofi a 2013, sa'ad da aka cinye Meziko 3 da nema a Abu Dhabi.

To, a makarantun Mubi da ƙauyukanta akwai irin waɗannan malamai, masu shata layin tsere da toka, masu ɗinke ƙwallo da hannunsu idan ta yage. Ya kamata shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su rubuta sunayen waɗanda suka daɗe suna wannan hidima, a kira su gaban jama'a ran wasannin makaranta, a miƙa musu takardar yabo tsofaffin almajiransu suna kallo.